Ƙwan Kadangare Mai Gemu: Daga Ramin Uwa Zuwa Ranar Ƙyanƙyasa

  Ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata dabba da yawancinmu sai dai a hoto muka san ta.

Dabbar ita ce kadangare mai gemu, wanda masana suka yi wa rajista da sunan Pogona vitticeps. Asalinsa tsakiya da gabashin Ostireliya ne, ƙasar fako da sarƙaƙiya da ƙunar rana, inda yake hawa kututture ko turken shinge ya shanya jikinsa da hantsi. Ɗan'uwan jan gwadan nan ne da ke gyaɗa kai a kan katangunmu. Dangi ɗaya ne, wanda ake kira Agamidae, kuma duk wanda ya ga namijin yana gyaɗa wa tamata kai ba zai nemi wata shaida ba. Babbansa yakan kai tsawon santimita 60, fiye da rabi wutsiya ce. A maƙogwaronsa akwai fata mai ƙayoyi da yake kumburawa, ta yi baƙi ƙirin in ya fusata ko yana neman mace. Wani masani Bajamushe, Ernst Ahl, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1926.

Tun shekarun 1960 Ostireliya ta hana fitar da namun dajinta zuwa waje. Duk da haka an yi ta satar hanya da su, kuma daga waɗancan 'yan tsirarun ne aka hayayyafa waɗanda ke gidajen mutane a yau. A shekarun 1990 ya cika shagunan dabbobi a Amurka, yanzu kuma yana cikin masu jan ciki da aka fi ajiyewa a ɗaki a Amurka da Ingila da Jamus. Yana da sanyin hali, yana sabawa da hannu, da rana yake harkarsa lokacin da mai gida ma idonsa biyu. In ya samu kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15.

To wanda ya ajiye tamata, wata rana zai iya wayar gari ya tarar da fararen ƙwai zube a kusurwar akwatin gilashinta, wajen 20, alhali ita kaɗai ce a ciki. Abin da ke fara zuwa bakin kowa a wannan safiya shi ne, yaya za a yi su ƙyanƙyashe? Ni a ganina an fara daga inda bai kamata ba. Uwar ce abin dubawa na farko, domin ita ce ranta ke cikin haɗari. Bayan ita sai a zauna a yi shawara ko ma ya dace a ƙyanƙyashe ƙwan. Injin ƙyanƙyasa shi ne na uku, kuma mutane da yawa ba su da buƙatar kaiwa wurinsa.

Bari mu fara da uwar. Tamata da ta balaga tana iya yin ƙwai ko ba ta taɓa ganin namiji ba. Jikinta yana karanta yanayi ne: dogon yini, ɗumi, wadatar abinci. A dajin Ostireliya waɗannan abubuwa suna haɗuwa a bazararsu, daga wajen Satumba zuwa gaba, bayan ta fito daga kwanciyar hunturu. A ɗaki kuwa fitila na kunne awa 12 ko 14 kullum, ɗumi ba ya yankewa, abinci na zuwa ba tare da ta fita nema ba. Sai jikin ya ɗauka lokacin haihuwa ya yi, ya shiga haɗa ƙwanduwa. Zubi ɗaya yakan kama daga ƙwai 11 zuwa 30, kuma ba sau ɗaya take tsayawa ba. Bayan mako uku zuwa biyar wani zubin na iya biyowa, har sau uku ko huɗu a kaka guda.

Ku dubi girman dabbar, ku dubi abin da ke fita daga cikinta. Nauyinta duka bai fi giram 400 zuwa 500 ba. Kowane ƙwai yana buƙatar kitse da furotin da ruwa, yana kuma buƙatar kalsiyam, na ƙwanduwa da na ɓawo. In abincinta bai kawo kalsiyam ɗin ba, jikin ba ya fasa aikin, daga ƙashinta yake ɗiba. Shi ya sa ake ganin tamata ta gama zuba ƙwai muƙamuƙinta ya yi laushi, yatsunta na karkarwa, ƙafafun baya sun kasa ɗaukarta. Barbaɗa garin kalsiyam a kan abinci shi kaɗai ba ya wadatarwa. Hanjinta ba ya iya tsotsarsa sai da bitamin D3, shi kuma fatarta ce ke haɗa shi idan hasken UVB ya sauka a kanta. Gilashin taga yana tare wannan haske, don haka ajiye akwatin a bakin taga bai biya ba. Fitilar UVB ma ƙarfinta na raguwa bayan wata shida zuwa shekara, ko da kuwa ido na ganin tana haske garau. Sau da yawa matsalar da ta bayyana ranar zuba ƙwai, watanni kafin nan aka shuka ta, ranar da aka yi sakaci da canza fitila.

Alamun ɗaukar ƙwai ba su da wuyar ganewa. Da farko ci take kamar ba za ta ƙoshi ba. Ciki ya faɗaɗa, har in ka shafa gefensa a hankali ka ji 'yan dunƙule-dunƙule. Idan lokaci ya matso sai ta rage ci ko ta daina ɗungurungum, ta kasa zama wuri ɗaya, tana yaƙushin gilashi, tana tonon kowace kusurwa. Wurin haƙa rami take nema. A nan ne mai ita yake da aikin da babu wanda zai yi masa.

A samo roba mai zurfi ko babban baho, a cika shi da wankakken yashi haɗe da ƙasar da babu taki ko maganin ƙwari a cikinta, zurfin santimita 20 zuwa 30. Danshin shi ne sirrin. Ka damƙi ƙasar a hannu ka matse: in ta dunƙule ta tsaya ba tare da ruwa ya ɗiga ba, ta yi daidai. In ta warware, ramin zai rufta mata. In ruwa ya tsiyayo, za ta ƙi wurin. A sa ɗumi daga sama, a rufe gefen da zane, a janye yara da kyanwa, a bar ta.

Abin kallo ne ga wanda ya iya leƙe daga nesa. Za ta shinshina ƙasar, ta taɓa ta da harshe, ta fara tono da ƙafafun gaba tana watso yashi ta ƙarƙashin cikinta. Takan haƙa nan ta bari, ta koma can, wani lokaci ta kwashe yini biyu tana gwaji. Idan ta gamsu sai ta nutsa da ka har ta ɓace, sai bakin wutsiya. Can sai ta juyo a cikin ramin, kai ya leƙo waje, ido a lumshe, jiki yana motsi a hankali, tana sauke su ɗaya bayan ɗaya. Yakan ɗauki awa ɗaya ko fiye. Ta gama, ta fito, ta mayar da ƙasar, ta riƙa daddaɓe ta da hancinta har sai wurin ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Daga nan ta tafi abinta. Babu kwanci, babu gadi, babu reno. Saboda haka kwashe ƙwan ba ya sa ta baƙin ciki, kuma wannan ya kamata ya sauƙaƙa wa mai ita zuciya a shawarar da za mu zo kanta. Sai dai a jira ta gama rufewa da kanta. Wadda aka katse a tsakiyar aiki takan riƙe ragowar ƙwan a ciki.

Riƙewar nan ita ce abin da na fi jin tsoro, kuma ɗaliban likitancin dabbobi da ke nan, ita ce za a kawo muku. Tamata da ba ta sami wurin haƙa ba tana iya riƙe ƙwai kwana da kwanaki, har su manne ko su ƙi fitowa. Ƙarancin kalsiyam ma na jawo haka, domin tsokar mahaifa ba ta naƙuda sai da shi. Haka nan ƙishirwa, da sanyin akwati, da ƙiba, da ƙwai mai girma fiye da kima, da ƙugun da ya lanƙwashe tun tana ƙarama. Yadda za a bambance shi ne: mai ɗauke da ƙwai lafiyayya, ko ta daina ci, idonta a buɗe yake tar, tana kai da kawowa, tana da ƙarfi. Wadda ƙwai ya maƙale wa kuwa za ta daina tonon, ta kwanta lamo, ido ya faɗa, gemu ya yi baƙi ya ƙi washewa, wani lokaci tana yunƙuri babu abin da ke fitowa. Wannan ba ta jira sai gobe.

Kada wanda ya matsa mata ciki da sunan taimako. Ƙwai in ya fashe a ciki, ƙwanduwar tana haddasa kumburi mai tsanani da kan kai ga mutuwa. Likita zai ɗauki hoton eksire ko ya duba da na'urar leƙa ciki, ya ga adadin ƙwan da yadda suke kwance. In babu abin da ya toshe hanya, sai a ɗumama ta, a ba ta ruwa, a yi mata allurar kalsiyam, sannan oksitosin. Ku riƙe cewa oksitosin ba ya aiki a jikin masu jan ciki kamar yadda yake yi wa akuya ko saniya, domin nasu sinadarin naƙudar daban ne, basotosin ake ce masa. In kuma hanya a toshe take, allurar naƙuda ɓarna za ta yi, sai tiyata. Akwai wata cutar kusa da wannan, inda ƙwanduwoyi ke taruwa a jikin ma'ajiyar ƙwai, ba su sauko sun yi ɓawo ba, jiki kuma bai shanye su ba. Ita ma galibi wuƙar likita ce maganinta.

Idan ta sauka lafiya za ku gan ta a yamutse, fata ta yi laɓa-laɓa a gefen ciki, gindin wutsiya ya rame. A ba ta ruwa, a sa ta a ruwa mai ɗumi marar zurfi ta wanke ƙasar, ta sha in tana so. A ƙara mata gyare da kyankyason kiwo da ganyaye, ana barbaɗa kalsiyam. A auna nauyinta a rubuta, domin zubi na biyu na nan tafe, kuma ma'auni zai faɗa muku ko ta murmure kafin ya iso. In akwai namiji tare da ita a raba su. Shi ba ya sanin ta gaji, zai ci gaba da cizon wuyanta yana hawa.

Yanzu mu koma ga ƙwan. Shin akwai ɗa a ciki? Wadda ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba, nata baragurbi ne, a kwashe a zubar, magana ta ƙare. To amma a nan gizo ke saƙar: tamata tana ajiye maniyyi a jikinta. Barbara ɗaya tana isa ta ba da zubi biyu ko uku masu 'ya'ya. Wanda ya sayi babbar tamata daga shago ko daga hannun wani, bai san da wa ta zauna watannin baya ba. Don haka a duba ƙwan kansa. Mai ɗa fari ne, a cike, tsawonsa wajen santimita biyu da rabi, ɓawonsa mai laushi ne amma yana da tauri a hannu. Marar ɗa yakan yi rawaya-rawaya, ya yi yaushi, ya loɓa. A shiga ɗaki mai duhu a haska ƙaramar tocila a gefensa. Mai ɗa yana ba da haske ja-ja, da ɗan zobe ko tabo a sama, bayan mako guda kuma jijiyoyin jini sun bazu kamar saiwa. Marar ɗa rawaya ne fayau, babu komai.

Mu ɗauka akwai 'ya'ya. Kafin kowa ya kunna inji, ina roƙonsa ya ɗauki biro da takarda. Ƙwai 20 sau zubi uku, jarirai 60 ke nan a cikin 'yan watanni. Jaririn kadangaren nan yana cin ƙananan gyare sau biyu ko uku a yini, gommai a kowace rana. Mu sa 30 kawai: jarirai 20 na zubin farko za su cinye 600 kullum, kuma masu rai suke so. Ba a tara su duka a akwati ɗaya, domin da yunwa ta taɓa su sai su far wa juna, su guntule yatsu da bakin wutsiya, kuma wannan kadangaren abin da ya guntule ba ya sake tsirowa. Manya suna danne ƙanana, su hana su wurin ɗumi, wani ma ya haɗiye ɗan'uwansa. Kowane akwati na buƙatar fitilar zafi da ta UVB. Sai an riƙe su mako shida zuwa takwas kafin su isa bayarwa. Sannan babbar tambayar: wa zai karɓa? A Amurka da Ingila kasuwarsu ta cika ta batse, gidajen ceton dabbobi suna fama da waɗanda aka gaji da su aka kawo. Kowane jariri da ka ƙyanƙyashe, alƙawarin shekara 10 ka ɗaura wa wani, kuma in ba ka san mutumin ba, ba ka san ko zai sayi fitilar ba.

Sakinsu a daji ba mafita ba ce. Inda ake sanyi mutuwa za su yi a wulaƙance, inda ake zafi kuma za su iya zama annoba ga dabbobin wurin. Saboda irin wannan tsoro ne jihar Hawai a Amurka ta haramta ajiye su kwata-kwata. A Ostireliya kanta, a yawancin jihohi sai da lasisi ake riƙe su.

Wanda lissafin nan ya fi ƙarfinsa, abin da likitocin dabbobi ke ba da shawara shi ne ya sa ƙwan a leda, ya ƙulle, ya sa a firiza na awa 24 zuwa 48, sannan ya zubar. A yi haka a ranar farko ko ta biyu, tun ɗan tayin bai yi nisa ba. Kada a jefa su a shara haka nan, domin juji mai ɗumi da danshi yana iya ƙyanƙyashe su. Na san wannan magana tana da nauyi a zuciya, kuma ya kamata ta yi nauyi, rai ne. Amma mu da aka tarbiyyantar da mu a kan cewa duk dabbar da ka tsare cinta da shanta suna wuyanka, mun san haƙƙin jarirai 60 masu yunwa, masu karyayyen ƙashi, ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. Ni ban ga rashin tausayi ga wanda ya zaɓi firiza ba bayan ya auna ƙarfinsa da gaskiya.

Wanda kuma ya shirya, yana da wuri da kuɗi da masu karɓa, uwa da uba lafiyayyu ne kuma ba 'yan ciki ɗaya ba, to bismillah. Sai dai ya ajiye duk abin da ya sani game da ƙwan kaza a gefe, domin kusan kowace ƙa'ida a nan a juye take.

Ƙwan kaza ana juya shi sau da yawa a yini. Yana da wasu igiyoyi biyu a cikin farinsa da ke riƙe ƙwanduwa, duk yadda aka mirgina shi ɗan tayin na komawa sama. Ƙwan kadangare ba shi da su. Ɗan tayin yana kwance a saman ƙwanduwa, ya manne da ɓawo daga ciki, in aka kifa ƙwan nauyin ƙwanduwar sai ya dawo kansa. Shi ya sa ake tone ramin da yatsu ko cokali a hankali, a sa ɗan tabo da fensir a saman kowane ƙwai kafin a ɗaga shi, a ajiye shi yadda aka same shi, tabon na kallon sama har ranar ƙyanƙyasa. In biyu sun manne da juna a bar su a haka.

Ƙwan kaza ɓawonsa mai tauri ne, ruwa yake rasawa yana raguwa a nauyi. Na kadangare shan ruwa yake daga ƙasar da yake kwance a kai, yana kumbura, har ya kusa ninka girmansa kafin ya fashe. Don haka ba a ɗora shi a kan tire. Ana amfani da bamikulait, wani ma'adini mai sauƙin nauyi da masu renon shuka ke amfani da shi don riƙe danshi. A auna shi a sikeli, a zuba ruwa daidai nauyinsa, giram 100 da giram 100. A zuba a roba mai murfi, a loɓa gurbi da babban yatsa, a binne rabin ƙwan a bar rabi a waje, da tazarar yatsa ɗaya tsakaninsu saboda kumburin. A huda 'yan ƙananan ƙofofi a murfin, ko a riƙa buɗewa bayan kwana biyu ko uku iska ta shiga. Dabara mai kyau ita ce a auna robar gaba ɗaya ranar farko a rubuta a jikinta. Duk mako a sake aunawa, abin da ya ragu a mayar da ruwa ta gefe, ba a kan ƙwan ba. Raɓar da ke taruwa a murfi a goge ta, kada ta ɗiga musu. Ƙwan da ya loɓa da wuri ƙishi yake ji. Wanda ya yi furfura ya fara wari kuwa ya mutu, a cire shi.

Sai zafi. Kaza tana kwanci a wajen digiri 37.5 na ma'aunin Salshiyas, kwana 21. Wannan zafin ya wuce abin da ƙwan kadangare mai gemu ke so, kuma injin kaji da aka bar shi a saitinsa, da abin juyawarsa a kunne, zai hallaka su. Abin da ake nema shi ne digiri 29, ko kusa da haka, ba hawa ba sauka. A wannan zafi sukan fito cikin kwana 55 zuwa 75. A sa ma'aunin zafi na daban a cikin robar, kusa da ƙwan, kada a dogara da lambar da ke fuskar injin.

Akwai dalilin da ya sa nake nanata 29, kuma yana cikin abubuwa masu ban mamaki da aka gano a ilimin halittu a 'yan shekarun nan. Jinsin wannan kadangare kuromosom ne ke yanke shi, irin tsarin tsuntsaye: namiji ZZ, mace ZW. A 2007 Alexander Quinn da abokan aikinsa na Jami'ar Kanbera, ciki har da Arthur Georges, suka wallafa a mujallar Science cewa zafi na iya soke wannan hukunci. Matuƙar ba a wuce digiri 32 ba, maza da mata kusan rabi da rabi suke fitowa. Da an haura, sai 'ya'yan ZZ, waɗanda maza ne a jini, su fara fitowa mata. A digiri 36 kusan duk abin da ya ƙyanƙyashe mace ce. Zafin yana gaggauta su, su fito ƙasa da kwana 50, alhali a digiri 28 sai sun haura 70.

An ɗauka abin ɗakin gwaji ne kawai, sai a 2015 Clare Holleley da tawagarta suka wallafa a mujallar Nature cewa sun kamo manyan kadangaru 131 a daji, suka tarar 11 daga ciki mata ne masu kuromosom ɗin maza. Suna haihuwa, har ƙwan da suke yi ya kusa ninka na sauran mata. Da aka haɗa irin wannan mace da namiji, duk 'ya'yan ZZ ne, kuromosom W ya ɓace a haihuwa guda, jinsin zuriyar ya koma hannun zafi shi kaɗai. Masanan suna kallon wannan ta fuskar ɗumamar duniya da makomar kadangarun daji. Mai kiwo kuwa darasinsa na kusa ne: injin da ya zarce da digiri huɗu ko biyar zai cika masa hannu da mata, waɗanda kowacce za ta je gidan wani ta fuskanci duk haɗarin da na lissafa a baya.

Wanda zai gwada wannan a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, damuwarsa ba ɗumamawa ba ce, sanyayawa ce. Ɗaki mai rufin kwano yana wuce digiri 35 da azahar, kuma injin da ya iya ƙara zafi kawai ba shi da abin da zai yi. Ga kuma ɗaukewar wuta. Namu jan gwadan ya san maganin abinsa, da damina macen ke haƙa rami a ƙasa mai laima ta binne 'yan ƙwanta.

Idan kwanaki suka cika, ƙwan zai fara gumi, 'yan ɗigon ruwa su fito a jikinsa, sannan ya ɗan loɓa. Wannan loɓawar ta ƙarshe ba ƙishi ba ce, kada a ƙara ruwa. Jaririn yana da ɗan haƙori a bakin hancinsa da yake tsaga ɓawon da shi. Sai ka ga tsaga ɗaya, ruwa ya ɗan tsatso, ɗan kai ya leƙo, ido a rufe, ya tsaya cik kamar ba rai. Zai iya kwana ɗaya ko fiye a haka. Numfashi yake koyo, kuma cikinsa yana shanye ragowar ƙwanduwa ta cibiya. A nan ne masu gaggawa ke kashe su, su jawo jariri da cibiyarsa a buɗe. A ɗaure hannu a jira. Zubin gaba ɗaya yakan gama fitowa cikin kwana biyu zuwa 'yan kwanaki. Wanda ya fito a bar shi yini guda a cikin injin, sannan a mayar da shi akwatin da aka shimfiɗa wa takarda mai ɗan danshi, ba yashi ba, don kada ya haɗiya. Tsawonsa wajen santimita 8 zuwa 10 ne. Ba zai ci komai ba sai bayan kwana biyu ko uku, kuma duk gyaren da za a ba shi kada ya fi tazarar da ke tsakanin idanunsa girma. Jaririn da ya ƙi girma, ko yake ɗaga kai sama yana mirginawa, a ware shi nan take a kai wa likita, domin akwai ƙwayar cutar adenobairos da ke yaɗuwa a tsakaninsu ta hanyar kashi.

Kashin nan yana da haɗari ga mutane ma. Lafiyayyen kadangare yana iya ɗauke da salmonela a hanjinsa, kuma ƙwai ta hanya ɗaya yake fitowa da kashi. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta bi sawun wata ɓarkewa tsakanin 2012 da 2014 da ta kama mutum 166 a jihohi 36, ta gano daga kadangaru masu gemu ta fito, kuma fiye da rabin waɗanda suka kamu yara ne 'yan shekara 5 zuwa ƙasa. Don haka duk wanda ya taɓa ƙwai, ko ƙasar ramin, ko jariri, ya wanke hannu da sabulu. Ba a wanke robobinsu a inda ake wanke kwanonin abinci. Ƙwan da za a sa a firiza a ninka masa leda, a sa a roba mai murfi, nesa da nama da kifi. Ƙananan yara da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su tsaya a kallo.

Abu na ƙarshe, game da tamatar da ke zuba baragurbi zubi bayan zubi har tana neman ƙarewa. Ana iya rage mata tsawon hasken yini, a rage abinci mai kitse, a bar ta ta yi kwanciyar hunturunta in lafiyarta ta ba da dama. In duk wannan bai tsayar ba, ko ƙwai ya taɓa maƙale mata, a tattauna da likita a kan tiyatar cire ma'ajiyar ƙwai da mahaifa. Gara a yi ta tana da ƙarfinta, da a yi ta da tsakar dare tana kwance lamo.